Fitilar da Teku Ke Kunnawa

Takardar ta iso unguwar Hindawiyya ana saura kwana huɗu a ɗauki azumi, a shekarar da Mukhtaru ya cika shekara goma a Makka. Wani Babarbare mai aikin lodi a tashar jiragen ruwa ta Jidda ne ya kawo ta, a naɗe cikin tsumma, har ta yi laushi don yawan hannun da ta bi. Ya same shi a rumfarsa ta gyaran keke, zaune kan garwa, yana facin tiyub. Mukhtaru ya karɓa, ya yi godiya, ya danne ta da gwangwanin giris. Sai da ya gama facin, ya hura, ya tsoma a ruwa ya ga babu kumfa, sannan ya goge hannu ya warware ta.

Daga Sawakin take, can tsallaken teku a ƙasar Sudan. Yayarsa Hure ce ta sa wani malami ya rubuta da ajami. Bayan gaisuwa, ta ce ƙarfinta ya fara ƙarewa, ba ta so ta mutu da amana a hannunta. Rumasa'u ta girma. Sun gama magana da masu jirgin da suka ƙetare da shi, za su taso a duhun watan Shawwal, a sauke su inda aka sauke shi. Ya saurare su.

Ya karanta sau biyu, don rubutun malamin a kwance yake. Ya duba kwanakin da takardar ta yi a hanya, ya ga ko yau ya mayar da amsa ba za ta riske su ba sai sun baro gari. Ya ninke ta, ya sa a aljihu, ya jawo keke na gaba.

Rumasa'u 'yarsa ce, ita kaɗai Allah ya ba shi. Shekara uku suka yi a hanya daga Kano, shi da matarsa Hajo da yarinyar da Hure, suna tafiya suna tsayawa tsinkar auduga. A Sawakin ƙyanda ta kama yarinyar, lokacin tana da shekara biyar, mai jirgi ya ce ba zai ɗauki mai ƙyanda ba. Hure ta ce su tafi, za ta biyo su da ita baɗi. Baɗin ne ya zama shekara goma.

Ba su da fasfo, don haka jirgin katako suka shiga, irin na masu fasa-ƙwauri. Irin waɗannan ba sa zuwa tasha. Sukan jira lokacin da babu wata, su matso gaɓar da ba kowa, su tsaya a bayan duwatsun murjani, su ce wa mutane su sauka. Ruwan iyakar ƙugu ne, in mutum ya miƙe sosai zuwa tudu. Amma a tsakiyar duwatsun akwai wani yanke mai zurfi inda ruwa ke shiga yana fita da ƙarfi, kuma a cikin duhun ba wanda ya san ina tudu yake. Hajo na riƙe da bakin rigarsa, ƙunshinsu a kanta. Yana tafe yana jin nauyinta, sai ya ji rigar ta yi sako-sako. Mutum ashirin da uku suka sauka, goma sha tara suka taka ƙasa. Da gari ya waye ruwa ya turo gawa uku, suka binne su a gindin wani baƙin dutse. Ta Hajo ba ta fito ba.

Bai yi kuka ba a ranar, bai kuma yi daga baya ba. Ya yi aikin hajjinsa, mutane suka koma, shi ya zauna, ba takarda ba komai. Ya koyi gyaran keke wurin wani mutumin Yaman, da mutumin ya tafi ya bar masa rumfar. A unguwa ana ba da misali da haƙurinsa. Shi ya san ba haƙuri ba ne. Abin ne kawai yake can nesa, kamar labarin wani da aka ba shi. In an ba shi abinci ya ci, in an manta da shi bai tambaya ba.

Da la'asar Wada ya iso kamar kullum. Bazazzagi ne mai ɗaukar ruwa, garwa biyu a sanda, kafaɗarsa ta yi kanta kamar ta san noma. Ya sauke garewanin, ya zauna a bakin rumfa.

"Bakano, yau kuma wa ya mutu? Ko fuskar ce dai ta kullum?"

Mukhtaru ya miƙa masa takardar.

"Ni da karatu? Ka san a Zazzau mun bar wa bayinmu na Kano wannan wahalar. Karanta min."

Ya karanta masa. Wada ya daina murmushi, ya yi ta murza sandarsa a ƙasa.

"A wurin nan dai?"

"A wurin nan."

"To ka je ka tsaya musu da fitila mana."

"Wace rana? Mai jirgi ma bai san ranar ba, sai yadda iska ta ba shi. Zai iya zama ƙarshen Shawwal, zai iya zama bayan nan. Wurin ba ruwan sha, ba inuwa. Kwana uku ba zan yi ba."

"A kunna a bari."

"Kananzir na dare ɗaya ne. Iska ma ba za ta bar ta ba."

"Tocila fa?"

"Batir na kwana biyu."

Wada ya ce, "To sai addu'a," ya ɗauki garewaninsa ya tafi kai ruwan gidan da ke jiransa.

Washegari aka kawo masa keken ɗan wani attajiri, mai dinamo a jikin taya, wanda ke ba fitila wuta. Fitilar ce ta daina ci. Ya kankare tsatsar waya, ya ɗaga ƙafar keken ya juya da hannu, ƙwan ya kawo haske ja-ja. Ya saki, ƙafar ta rage gudu, hasken ya mutu. Ya sake juyawa. Ya daɗe yana haka, har mai keken ya tambaye shi ko akwai sauran gyara.

Abin da ake bukata kawai shi ne wanda zai riƙa juya ƙafar nan dare da rana, ba ci ba sha. Kuma ya san abu ɗaya da ba ya gajiya da turawa da ja, ruwan teku. Ya ji shi a ƙirjinsa a wancan karon, yana tura shi gaba, yana mayar da shi baya, har suka fita bai rage ba.

Duk azumin nan a kan aikin ya ƙare. Ya samo garewanin kananzir biyu, ya liƙe bakinsu da dalma don kada ruwa ya shiga, ya ɗaure su a ƙarshen wani dogon bututun ƙarfe. Bututun ya ɗora shi kan gangar tsohon keke, yadda zai riƙa sama da ƙasa kamar ma'aunin mai nama. A ɗaya ƙarshen ya ɗaura sarƙar keke, ya ratsa ta kan haƙorin baya, wanda ke kamawa in an taka gaba ya saki in an koma baya, ya ƙarasa ta da robar tiyub mai jawo ta. In garewani suka tashi sama, sarƙa ta ja, ƙafar keke ta juya. In suka sauka, haƙori ya saki, roba ta dawo da sarƙa. Matsalar ita ce tsakanin ja da ja ƙafar na tsayawa. Sai ya narka dalma ya zuba cikin gargaren don ya yi nauyi, in ya ɗauki gudu ya daɗe bai tsaya ba.

A Makka babu teku, don haka Wada ne ya zama teku. Kullum bayan la'asar, da azumi a bakinsa, sai ya kama garewanin yana ɗagawa yana saukewa.

"Yanzu fisabilillahi, ni da na yini ina ɗaukar garwa cike, ka kawo min wofi ka ce in yi ta rawa da ita?"

"A hankali. Ruwa ba haka yake ba. Ɗaga, ka jira, ka sauke."

"Yau na ga ikon Allah. Bakano na koya min yadda ruwa yake. Ku da sai kun tono shi a rijiya gaba talatin."

"Jira. Yanzu ɗaga."

Mutanen unguwa suna wucewa suna leƙe. Wata tsohuwa mai sayar da ƙosai ta tambaya ko injin niƙa ne. Mukhtaru ya ce a'a. Ranar ashirin da uku ga wata ƙwan ya kama, ya riƙe haske tsakanin ɗagawa da ɗagawa. Wada ya yi kabbara, ya saki garewanin suka faɗi ƙasa. Mukhtaru ya duba ko dalmar ta tsage. Ba ta tsage ba. Ya sa ƙwai biyu cikin kwalbar zuma, ya toshe bakin da kakin. Dinamon ya naɗe shi da tiyub ya kifa masa gwangwani. Sarƙar kuwa ya dama giris da kitsen wutsiyar tunkiya ya shafe ta, don ya san abin da ruwan gishiri ke yi wa ƙarfe.

Saura yadda za a kai. Nan Yunus ya shigo. Haifaffen Makka ne, magidanci mai 'ya'ya uku, kakansa Bakatsine. Yana da takarda, yana da motar ɗaukar kifi, duk mako yana bin hanyar rairayi zuwa sansanin masunta kudu da Shu'aiba. Hausarsa rabi Larabci ce, Mukhtaru ma ammi yake ce masa, wato baffa. Ya zagaya na'urar sau biyu, hannu a baya.

"Ya ammi, wallahi wannan shugul, aikin mahaukata ne."

"Za ka kai mu?"

"Kakata ma ta gaɓar nan ta shigo. Har ta mutu ba ta cin kifi." Ya taɓa sarƙar, ya shinshina yatsansa, ya yamutsa fuska. "Tayyib. Bayan salla. Amma a baya za ku zauna, cikin kwanduna."

Ranar goma ga Shawwal suka tashi bayan asuba. Lokacin sanyi ne, amma warin kwandunan kifi bai san da haka ba. Wada ya yi amai sau biyu, ya ce in ya mutu a rubuta Kano ce ta kashe shi. Da hantsi suka wuce sansanin masunta, suka ci gaba kudu, Mukhtaru a tsaye yana riƙe da ƙarfen mota yana duban gaɓa. Gab da azahar ya buga rufin motar.

Baƙin dutsen na nan. Tarin duwatsu uku na gindinsa, rairayi ya cinye rabinsu. Wada ya tsuguna ya yi musu addu'a. Mukhtaru ya tsaya yana kallon ruwa. Da rana shuɗi ne, garau, har ana ganin ƙananan kifaye. Yanken na nan, ya fi sauran duhu, faɗinsa bai fi taku goma ba. Ya yi tsammanin zai ji wani abu. Abin da ya zo masa shi ne bututun da ya kawo zai yi gajarta da kamu ɗaya.

Suka naɗe wando suka shiga. A bakin yanken ta wajen tudu akwai wani falalen dutse da ruwa ke duka, nan suka kafa gangar keken, suka cusa ƙafafunta cikin tsaga, suka danne da manyan duwatsu. Murjani ya yayyanka musu ƙafa. Da suka saki garewanin a ruwa, suka tashi, suka sauka, amma ɗagawar ba ta kai rabin ta Wada ba. Ƙafar keken ta yi juyi ɗaya ta tsaya.

"To ka gani," in ji Wada. "Tekun naka rago ne. Da ni ka bari a nan."

Mukhtaru ya kwance ƙusar da bututun ke juyawa a kai, ya matsar da ita wajen garewani, don ɗan motsi a can ya zama babban ja a nan. Ya gwada, ya sake matsarwa. Ya yanke roba ya rage tsawonta. Yunus ya ciro wani ƙarfe daga motarsa aka ƙara wa bututun, garewanin suka kai inda raƙuman ruwa ke da ƙarfi. Sai ƙafar ta ɗauka. Ruwa ya ɗaga, sarƙa ta ja, haƙori ya yi ƙara kas-kas-kas ya saki, kafin gudun ya mutu wani raƙumin ya iso.

Ya ja waya zuwa tudu, ya binne ta a rairayi. Kwalbar ya ɗaure ta kan dogon turke, ba daidai da yanken ba, can gefen arewa, yadda duk wanda ya sauka daga jirgi ya miƙe wa hasken zai bi ta kan duwatsu, zurfin na hannun damansa. Sau uku yana shiga ruwa har ƙugu yana juyowa yana auna layin da ido. A gindin turken ya binne garwar ruwan sha da ƙunshin dabino, ya bar bakin garwar a waje.

Suka yi sallar magariba a kan rairayi. Da suka sallame, hasken ya fito sosai. Yana ƙaruwa in ruwa ya ɗaga, yana raguwa in ya sauka, amma ba ya mutuwa.

"Masha Allah," in ji Yunus a hankali. "Kahraba daga bahar, lantarki daga teku. In na faɗa a gida za a ce ƙarya nake."

Wada ya duba kudu, ya duba arewa. "Bakano, ban da su, wa kuma zai gan ta?"

"Ba kowa a nan. Mu kwana biyu muka yi muna tafiya kafin mu ga ɗan Adam."

Wada ma ta irin wannan gaɓar ya shigo, ya kuma tuna haka take. Ya gyaɗa kai. Suka hau mota.

Suka koma Hindawiyya, kowa ya kama aikinsa. Bayan mako guda Yunus ya tsaya a rumfar yana dariya, ya ce masunta na ta maganar wata wuta a kudu da ke numfashi, wasu sun ce aljanu ne, sun daina zuwa wajen. Wada ya yi dariya har da buga cinya. Mukhtaru ya ce, "Tana ci dai?" Aka ce tana ci. Ya koma kan sarƙar da yake wankewa.

A makon ne ya je kasuwa ya sayo tabarma sabuwa da kofi biyu. Ya raba ɗakinsa gida biyu da labule. Ya tsaya wurin mai atamfa, mai atamfar ya tambaye shi tsawon mai ɗaurawa, bai san tsawon 'yarsa ba, ya fito.

Wata ya mutu, aka ga sabo. Ranar uku ga Zulƙida da hantsi motar Yunus ta tsaya a bakin lungu, kifi na ciki ba a sauke ba. Wada na nan, ya kawo ruwan da ake gwada faci. Yunus ya shigo rumfar, bai zauna ba.

"Ya ammi, sun zo. Shekaranjiya."

Mukhtaru ya ajiye sifana.

"Mutum talatin da ɗaya suka sauka. Talatin da ɗaya suka fito. Ba wanda ya mutu."

"Alhamdulillahi," in ji Wada. "To ina suke? Ka baro su a can?"

"Suna Jidda. A hannun hukuma."

Ya ba su labarin yadda wani tsohon masunci ya ba shi. Yanzu masu gadin gaɓa na da mota, suna zagaye duk bayan 'yan kwanaki. Labarin wutar aljanu ya kai kunnensu, suka je suka gani. Suka tarar da turke, suka tono garwar ruwa da dabino. Babbansu ya ce wannan alama ce aka kafa wa jirgi. Ya sa aka cire ƙwan, aka kafa tanti a bayan tudun rairayi, aka kawo ƙaramin jirgi mai inji aka ɓoye. Kwana tara suna zaune. Da jirgin ya zo ya ga wurin a duhu kamar yadda ya saba, ya sauke mutane. Suna tsakiyar ruwa aka kunna fitilun mota da babbar fitilar ƙaramin jirgin, wurin ya zama kamar rana. Kowa ya ga tudu, kowa ya ga zurfin. Wata tsohuwa ta zame, soja ya shiga ya ciro ta.

"Masuncin ya ce in tambayi wanda ya kafa fitilar ko mahaukaci ne," in ji Yunus. "Ya ce mai jirgin duhu yake saye da kuɗinsa. Da ya hango wutar nan a kunne, da ko kusa ba zai zo ba. Da can kudu zai kai su, inda ba a san zurfin ba."

Wada ya zauna kan garwarsa. "Mu duka tunanin wanda ke cikin ruwa muka yi."

Mukhtaru ya ce, "Me za a yi da su?"

"Tarhil, mayar da su za a yi. Jirgin da zai koma Sudan ranar Alhamis." Yunus ya sosa ƙeya. "Na'urar taka kuma sun mayar mata da ƙwai. Sun ja wayar zuwa tantinsu."

Mukhtaru ya ɗauki sifanar ya ƙarasa ɗaure ƙafar keken da ke gabansa. Ya juya ta ya ga ba ta karkace ba. Ya jingine keken. Sannan ya fara tattara kayan aiki cikin akwatin katako, kowane ƙarfe ya goge shi kafin ya sa.

"Me kake yi?" in ji Wada.

"Yunus zai kai ni Jidda."

"Ka yi me? Ba za su ba ka ita ba. Kai kanka ba ka da takarda."

"Shi ya sa."

Wada ya miƙe. "Shekara goma kana canza lungu in ka hango askarawa, yau ka kai kanka da ƙafarka? Ka zauna. Ka rubuta musu. Allah zai kawo wata hanya."

"Na san Yaya Hure. In aka mayar da su, baɗi za ta sake shiga jirgi, tunda ina nan. Ranar babu fitila, babu soja."

Wada ya koma ya zauna kan garwarsa. Mukhtaru ya tura masa akwatin da ƙafa.

"Ni me zan yi da sifana?"

"Ka sayar. Ko ka koya. Keken can na mai burodi ne, an gama. Wancan jan, sarƙa yake jira."

"Kanawa dai ba ku iya sallama ba," in ji Wada. Ya juya ya shiga gyara igiyar sandarsa da ba abin da ya same ta.

Kafin su tafi Mukhtaru ya shiga Harami ya yi ɗawafin ban kwana. Alhazai sun fara isowa, wasu na kuka da ganin Ka'aba. Ya yi zagayensa bakwai, ya yi raka'a biyu, ya sha zamzam, ya cika kwalba ɗaya. Ya fito bai waiwaya ba, don Yunus ya ce kifi zai lalace.

Wurin da ake tsare mutanen wani fili ne kusa da tashar jiragen ruwa, an kewaye shi da katanga. Yunus ya sauke shi daga nesa, ya riƙe hannunsa ya daɗe bai saki ba. Mukhtaru ya je wurin sojan da ke ƙofa, ya yi sallama, ya ce da Larabci shi ba shi da takarda.

Sojan ya dube shi. "To ka tafi mana."

"Shekara goma nake nan ba takarda."

"Ya hajji, na ce ka tafi. Ban gan ka ba."

Ya tsaya. Sojan ya kira wani, wanin ya kira wani. Aka ce mai rubuta suna ya tafi salla. Ya zauna a gindin katanga da kwalbarsa har aka dawo, aka rubuta sunansa da na ubansa da garinsu, aka buɗe masa ƙofa.

Maza na gefe ɗaya, mata na gefe ɗaya, waya ce a tsakani. Ya bi jikin wayar yana dubawa. Hure ce ta fara gane shi. Ta tsufa fiye da yadda ya zata, ƙafarta ɗaya a naɗe da tsumma. Ta taso tana ɗingishi, ta kama wayar da hannu biyu.

"Mukhtaru. Kai ma kama ka suka yi?"

"A'a, Yaya. Zuwa na yi. Kun sha hanya."

"Mun sha." Ta dube shi sama da ƙasa. "Ka rame. Ba ka sake aure ba ke nan." Ta juya. "Rumasa'u, taso. Babanki ne."

Wata doguwar yarinya ta taso daga cikin mata, da lulluɓi irin na Sudan. Ta fi Hure tsawo. Ta zo ta durƙusa a bayan wayar, idonta a ƙasa.

"Baba, ina wuni."

"Lafiya lau. Ya gajiya?"

"Babu gajiya."

Mukhtaru ya tsuguna. Ya tura kwalbar ta ƙarƙashin waya, ya ce zamzam ne. Ta karɓa da hannu biyu, ta ba Hure ta fara sha, sannan ta kurɓa. Ta riƙe kwalbar a cinya tana juya ta.

"Baba, daga nan zuwa Makka da nisa?"

"Babu nisa. Da azahar na baro."

Ta ɗaga kai ta dubi katangar, ta rasa ta inda za ta duba.

"Ta wane gefe take?"

Ya nuna mata da hannu, ta wajen da ake tara buhunan siminti. Ta daɗe tana kallon wurin. Can aka buga ƙarfe, wani soja ya ce maza su yi layi a karɓi burodi. Mukhtaru ya ce musu yana zuwa, ya je ya shiga layi.